Goran da Ya Dawo a Cike

Ya ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa muku game da shanun gidanmu. An ce ni, Hamza, na tafi ɗauko bijimai biyu na gado, na dawo da igiya a hannu. Wasu sun ce sakaci ne, wasu ma sun ce sayar da su na yi a hanya. Shekaru masu yawa wannan magana tana wucewa ta bayan katangata ban tanka ba. Yanzu ganina ya ragu, hannuna ya soma rawa, don haka nake so in ajiye muku labarin yadda ya auku, tare da laifina a cikinsa, domin akwai laifin da na yi, amma ba shi ne wanda ake ɗora mini ba.

A shekara ta biyu ta babban fari, ciyawa ta ƙare a karkararmu ta Makoda, har jinkar ɗakuna aka sauke aka ba dabbobi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana shanun huɗa biyu, jan sa da baƙin sa, waɗanda da su muke noma gandu. Da muka ga za su mutu a gabanmu, sai muka danƙa su amana ga wani Bafulatani mai suna Bello, wanda ya saba sauka a gonarmu bayan girbi, ya tafi da su kudu cikin garkensa. Da bazara ta kama, saƙo ya iso cewa Bello ya sauka a bakin wani kogi, tafiyar kwana biyar a ƙafa, kuma ba zai komo arewa ba a wannan shekara. In muna son huɗa da shanunmu, sai mu je mu ɗauko su.

Mu huɗu muka tashi. Ni ne babba a gidanmu, don haka ni ke riƙe da tafiyar. Akwai ƙanena Nuhu, wanda bai fi shekara ɗaya da aure ba. Akwai Tanko, ɗan ƙanwar mahaifinmu, taubashina, mutum mai ƙarfi da bakin tsiya. Na huɗunmu shi ne Malam Ɗanjuma, dattijo mai furfura, wanda ya ji Fillanci kaɗan, shi ya sa muka roƙe shi ya raka mu. Malam Ɗanjuma kuwa shi ne mahaifin Hajara, matar Nuhu. Ku riƙe wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Ku da kuka tashi a zamanin da suruki ke zama da surukinsa a kan tabarma ɗaya suna kallon waya, da wuya ku gane nauyin abin da nake faɗa. A zamaninmu mutum ba ya cin abinci ko shan ruwa surukinsa na gani. Ba ya ɗaga murya a gabansa, ba ya miƙe ƙafa, ba ya cewa wash. In sun haɗu a hanya zai tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Nuhu kuwa ya fi kowa riƙe wannan, har mutanen gari suna yabonsa da ita, ni ma ina alfahari da shi a kanta.

Ranar da za mu tashi, Innarmu ta cika mana jaka da gumba da ƙuli-ƙuli, ta tsaya a bakin zaure tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Hamza, yaya za a yi yaron nan ya ci abinci a hanya, ga Malam?"

"Inna, na san yadda zan tsara."

"To, Allah Ya sa ka sani."

Tafiyar zuwa ba ta ba mu wahala ba, domin mun bi ayarin wasu masu jakuna da suka san hanya. Cikin taron mutane ashirin, Nuhu yakan ɓace a tsakaninsu ya ci ya sha ba wanda ya kula. Muka sami Bello lafiya, shanun kuma sun murmure har jan san ya yi tozo. Muka kwana biyu a rugarsa. Ayarin ya wuce gaba, don haka komawa sai mu kaɗai, ta labin shanu, wato hanyar da makiyaya ke bi ta tsakiyar daji, kuma kwana uku daga cikin biyar ɗin babu gari babu ƙauye. Bello ya ba mu salka biyu cike da ruwa, ya kwatanta mana mashaya biyu da ba su ƙafe ba. Sa'an nan ya ja ni gefe.

"Hamza, ku mutanen gona ne, ba ku san daji ba. Kada ɗayanku ya fita daga idon sauran. Ruwa kuma kowa ya sha a gaban kowa. In kun sauka, ka duba ƙafar kowa da idonka, kada ka tambaya."

Na yi masa godiya da baki, amma a zuciyata na ce wannan bai san mutunci irin namu ba. Yaya zan sa ƙanena ya ɗaga gora a gaban surukinsa, ko ya miƙe masa tafin ƙafa? Gaskiyar Bello ce, ba mu san daji ba. Mu mutane ne da tun haihuwa ba mu taɓa tsayawa a wurin da ba a hango rufin ɗaki ba. A ƙasarmu gona na manne da gona, kowace bishiya da mai ita, in ƙishirwa ta kama ka sai ka yi sallama a gidan da ya fi kusa, in ka yi tuntuɓe wani zai ce maka sannu daga kan kunyarsa. Mutumin da ya rage a baya a ƙasarmu bai ɓace ba, ya tsaya gaisawa ne. Da wannan tunani na shiga dajin da babu kowa.

Ga yadda na tsara. Malam Ɗanjuma a gaba da sandarsa. Ni da Tanko a tsakiya, kowa riƙe da igiyar sa ɗaya, salkuna a kafaɗa. Nuhu a can baya, nesa yadda zai ci gumbarsa ba a gan shi ba. In mun sauka hutawa ba ya ƙarasowa inda muke, sai ya zauna a bayan wani kurmi. Ni kuma in zuba masa rabonsa a gora, Tanko ya koma baya kaɗan ya rataye a reshe, ya buga kira, ya dawo. In mun tashi Tanko ya je ya ɗauko goran ba komai a ciki. Salla kaɗai ke haɗa mu, ita ma yakan tsaya a ƙarshen sahu, ana sallamewa ya janye. Na ga tsarin nan ya yi kyau ƙwarai, har na yaba wa kaina.

Tanko yakan yi ta tsokana a kan haka.

"Hamza, wannan ƙanen naka aljani muke ciyarwa ko mutum? A ajiye masa a reshe, a dawo a tarar ya shanye."

"Kai dai ja sanka. Da kana da kunyarsa da tuni an ba ka mata ta biyu."

"Wadda nake da ita ma kunyar ce ta hana ni mayar da ita."

Malam yana gaba yana jinmu, sai dai ka ga kafaɗarsa tana motsi.

Rana ta farko a dajin ta wuce, ta biyu ma haka. Da asubahin rana ta biyu na lura Nuhu ya yi salla a zaune, na ɗauka gajiya ce. Na yi niyyar tambayarsa, sai na ga Malam na kusa, na bari. Mashayar farko mun same ta laka ce kawai, shanu suka tsotsi abin da suka samu, mu kuma ba mu ƙara ko kofi a salka ba. Dajin ya canza. Bishiyoyin duk marke ne da sabara, babu ganye, kowacce kamar 'yar'uwarta. Babu kukan zakara, babu sautin turmi, babu ko hayaƙi a nesa. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai a can. Na riƙa jin kamar ana bin mu, in waiwaya ba kowa, kuma rashin ganin kowa a bayana bai dame ni ba, domin ni na tsara haka.

A rana ta uku, da rana ta take tsaka, muka sauka a gindin wata tsamiya. Salka ɗaya ta ƙare, ɗayar saura ƙasa da rabi. Na zuba rabon Nuhu, Tanko ya kai ya rataye, ya yi kira, ya dawo. Muka yi taimama muka yi azahar, Nuhu bai zo sahu ba. Na ce a raina wataƙila ya yi tasa a can. Da za mu tashi Tanko ya tafi ɗauko gora. Na hango shi yana dawowa, ba ya waƙar da ya saba, yana riƙe da goran da hannu biyu. Ya ajiye shi a gabana, na ji ruwa ya motsa a ciki.

"Bai taɓa ba," in ji Tanko. "Babu sawunsa ma a wurin."

Malam Ɗanjuma ya dube ni.

"Hamza, yaushe rabonka da ganinsa?"

Na buɗe baki in ce ɗazu, sai na tarar ba ni da ɗazun da zan nuna. Na bi ranar da baya a zuciyata, hantsi, fitowar rana, har asuba. Tun sallar asuba ban sa shi a ido ba. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, rabin yini ba ya tare da mu, ni kuwa ina ta jan sa ina raha. Na yi ta ƙwala kiran sunansa har muryata ta dushe, dajin bai mayar mini da komai ba.

Yanzu ku dubi abin da ke gabanmu, ku yi hukunci da kanku. Mashaya ta biyu tana gaba, tafiyar rabin yini. Shanun rabonsu da ruwan kirki kwana biyu, sun kuma shaƙi iskarsa, suna ta fizga arewa. Muka gwada juya su baya, jan san ya durƙusa ya ƙi tashi, baƙin ya kusa tsinke wa Tanko yatsa. In Nuhu ya faɗi ne, sai ƙarti biyu za su iya ɗauko shi, wato ni da Tanko. Tanko ya ce a ɗaure shanun a tsamiya, Malam ya zauna gadinsu.

"Ba zan zauna ba," in ji Malam. "Me zan ce wa Hajara? Ina gadin sa mijinta ya mutu?"

Ni ma na riga na yanke cewa ba zan sake barin mutum shi kaɗai a dajin nan ba, balle tsoho da ba shi da ruwa. Saura a ɗaure shanun a tafi. Amma ban san ko yini za mu yi ko kwana biyu ba, kuma dabbar da aka ɗaure cikin wannan zafi da ƙishirwa, ko ta mutu a tsaye ko kura ta same ta a shirye. In an sake su, za su kai kansu ruwa, wataƙila mu tarar da su a can. Na san wataƙila ce mai rauni. Na san kuma abin da gandunmu zai zama ba su. Na sa hannu na kwance igiyar daga hancin jan san, wanda mahaifina ya yi rainonsa tun yana ɗan maraƙi, sa'an nan na kwance ta baƙin. Ba su ko waiwaye mu ba.

Muka juya kudu muna bin sawun shanun da muka bari da safe. Na ce kowa ya riƙa ganin ɗan'uwansa, kada a wuce jifan dutse. Rana tana dukan ƙeya, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ba wanda ya sha ruwa, ba don na hana ba. Duk kututturen da na hango sai in ga kamar mutum ne a kwance. Can sama kuma ungulaye biyu suna kewaya wani wuri a gabanmu, kowa ya gan su, ba wanda ya ambata. Na riƙa shirya kalmomin da zan faɗa wa Inna, in rushe, in sake shiryawa. Na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙa ba, na ce ko gawarsa ce a nuna mini, kada a bar ni da rashin sani.

Wajen la'asar Tanko ya tsaya ya nuna ƙasa. Ga sawun mutum, ƙafar dama tana taka sosai, ta hagu kuwa ja ake yi, ga ramin sanda a gefe. Sawun ya bi labin na ɗan lokaci, sa'an nan ya kauce yamma, ya gangara wani busasshen rafi. Da mun zo bayan iska ta tashi, da ba mu ga komai ba. Muka gangara. A ƙarƙashin gaɓar rafin, inda 'yar inuwa ta rage, muka same shi kwance a gefe ɗaya, ya haƙa rami da hannu yana neman danshi, ramin a bushe. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa a buɗe amma ba sa bin komai. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura har gwiwa, ya yanke takalmin don ta samu wuri. Daga baya muka ji cewa tun ranar farko ya taka tsinin kututture, ya shige tafin ƙafarsa ya karye a ciki. Ruwan da muke rataye masa, rabi yake sha, rabi yana wanke ciwon. Kwana biyu yana ɗingishi a bayanmu, ya gwammace haka da surukinsa ya ji ana cewa a jira shi.

Na kira sunansa bai amsa ba. Amma da inuwar Malam Ɗanjuma ta faɗo a kansa, sai ga shi yana ƙoƙarin tattara jiki ya durƙusa, yana jan gefen rigarsa ya rufe ƙafar. Wannan abu har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Malam ya zauna a ƙasa, ya ɗago kansa ya ɗora a cinyarsa, ya karɓi goran nan daga hannun Tanko. Nuhu ya kawar da fuska.

"Nuhu," in ji Malam, kuma ban taɓa jin ya kama sunansa ba sai ran nan. "Babu suruki a rafin nan. Ni ubanka ne. Buɗe bakinka."

Ya ɗiga masa kaɗan kaɗan, yana jira tsakanin kurɓa da kurɓa, domin ya ce in aka ba shi da yawa zai amayar. Da numfashinsa ya daidaita, Malam ya ce a hura wuta. Ya gasa askarsa, ya ce ni in danne kafaɗu, Tanko ya danne gwiwa. Ya tsaga tafin ƙafar, mugunya ta fito mai wari, ya zaro tsinken itace mai tsawon gaɓar yatsa. Nuhu ya yi kuka, kuka irin na yaro, fuskarsa a cikin rigar surukinsa. Tanko, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya juya baya yana share ido, ya ce hayaƙi ne.

Muka saro sanduna biyu, muka ɗaure bargo a tsakani da igiyoyin shanun. Da na dubi siffar abin sai na ga ba shi da maraba da makara. Tanko ya gane abin da nake gani.

"Kada ka faɗa, Hamza. Gadon sarauta ne. Ango, hau, yau bayinka biyu ne."

Muka ɗauke shi, Malam na tafe a gefensa yana riƙe da hannunsa. Sai washegari da azahar muka isa mashaya, salka babu ko ɗigo, harshena ya kumbura har ba na iya tasbihi. Akwai ruwa, alhamdu lillahi. Shanu kuwa babu. Sawunsu ya shiga cikin na wani babban garke da ya sha ya wuce gabas. Tanko ya so ya bi, na hana shi. Muka kwana biyu a wurin har zazzaɓin Nuhu ya sauka, muka tambayi duk makiyayin da ya zo, ba wanda ya ce ya gani.

Kafin mu shiga gari Malam Ɗanjuma ya tsayar da mu. Ya ce abin da ya faru a rafin nan ya tsaya a rafin. In mutane suka ji Nuhu ya sha ruwa a hannun surukinsa, ya yi kuka a cinyarsa, ba zai sake ɗaga kai a garin ba, kuma za a ce saboda shi gidan ya rasa shanu. Za mu ce ya taka ƙaya, shanu kuma sun tsinke. Muka yi alkawari. Da muka shiga gida Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya dubi igiyoyin da ke kafaɗata.

"Ƙarti huɗu, sa biyu. Wa ke riƙe da tafiyar?"

"Ni ne, Baffa."

"To, na ji."

Bai sake ce mini komai a kai ba har ya rasu, bai kuma sake neman shawarata ba. Inna kuwa ta duba ƙafar Nuhu, ta dube ni, ta ce in je in ci abinci. Ina zaton ta gane. Damina shida muka yi muna huɗa da hannu. Rabin gandun ya koma saura, gonar fadama ta fita daga hannunmu, ni kuma bayana ya ranƙwashe tun ban tsufa ba. Ban yi nadamar kwance igiyar nan ba ko sau ɗaya. Abin da nake nadama shi ne, an gaya mini gaskiya a bakin kogi, na raina mai faɗar. Don haka duk wanda a cikinku tafiya ta kama shi da abokai, ko a ƙafa ko a mota, ya riƙa ƙirga su da ido, ya ga kowa ya ci ya sha, ya fi sa ido a kan wanda ba ya ƙorafi.

Malam Ɗanjuma ya daɗe da rasuwa, Tanko ma ya bi shi, Allah Ya jiƙansu. Nuhu, wanda kuke kira Baba Ƙarami, shi kaɗai ya rage, kuma ba zan rubuta wannan ba sai da izininsa. Na same shi a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar nan a kan buzu. Na gaya masa niyyata. Ya ajiye carbinsa.

"Rubuta, Yaya. Ka ɗauka ya isa haka. Sai dai kada ka sa cewa na yi kuka."

Na ce masa zan duba. Na duba, na kuma sa, domin shekara arba'in ina ɗauke da zargin shanun nan dominsa, shi ma ya ɗauki kukansa. Gobe in Allah Ya kai mu zan je in karanta masa da kaina.